Idan ruwa ya shiga wurin sana'a: ɓarnar ambaliya a shago da atalye, da abin da ake iya cetowa

Duk damina, idan aka yi babban ruwa, lissafin da hukumomi ke bayarwa kusan iri ɗaya ne: mutum nawa suka rasu, gida nawa suka faɗi, bisashe nawa ruwa ya tafi da su, hekta nawa ta gona ta nutse. Lissafi ne mai muhimmanci, muna kuma karanta muku shi a cikin labarai. Amma akwai wata asara da ba ta cika fitowa fili a cikinsa ba, wato ta wurin sana'a: rumfar tela, atalyen mai walda, ɗakin injin niƙa, garejin makaniki, shagon mai gyaran salula. Wanda ɗakinsa ya faɗi ya rasa wurin kwana; wanda ruwa ya ci injinsa kuwa ya rasa abin da zai sake tada ɗakin da shi. Shi ya sa muka tattara wannan bayani wuri guda, domin mutanenmu na gida da ƴan uwa mazauna Libiya, Aljeriya, Abijan, Akara, Legas da Saudiyya su riƙa komawa kansa.

Wane irin ruwa muke nufi

Ranar Juma'a 30 ga watan Agusta 2024, ruwan da ya sauka a birnin Maraɗi ya kai milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, mutum 15 suka rasa rayukansu. Sau da yawa muna faɗin "milimita" a rediyo, mutane na ji kawai. To, milimita ɗaya na nufin lita ɗaya ta ruwa a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Ku ɗauki rumfa mai mita 4 da mita 5. Ruwan wannan rana ya zuba mata lita 3,000 a bisa kwano, wato tano 15 cike, ban da wanda ya gangaro daga unguwar sama. Abin da Maraɗi ke samu a shekara guda bai cika wuce milimita 500 da yawa ba, ke nan kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan shekara ya sauka kafin a gama shan shayi.

Ƴan kwanaki bayan haka, a farkon Satumba, tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya rushe. A ƙarshen daminar gwamnati ta ƙidaya kusan mutum 400 da suka rasu a faɗin ƙasa, da sama da miliyan ɗaya da rabi da abin ya shafa, har sai da aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba, don azuzuwa da yawa sun faɗi, wasu kuma an tsugunar da jama'a a ciki.

Kowane gari da hanyar da ruwa ke cinsa. Maraɗi tana bisa tudu ne yau saboda ambaliyar gulbi ta 1945, wadda ta cinye tsohon garin da ke cikin fadama, aka tashi aka hau sama. Gulbin daga Najeriya yake fitowa, ya ratsa madatsar Jibiya, ya biyo ta Madarunfa, Maraɗi, Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya. Saboda haka mai sana'a a bakin fadama na iya wayar gari da ruwa a ƙofa alhali ko yayyafi ba a yi ba a garinsu. Damagaram kuwa dutse ne a ƙarƙashinta, ƙasa ba ta shan ruwa da sauri, sai ya taru a tabkunan cikin gari ya tumbatsa. A jihar Tawa, kwarin Maggiya da ƙoramun da ke gangarowa daga duwatsun Adar ne ke zuwa da gudu. A Yamai akwai kogin Isa: a Satumbar 2020 ya kai santimita 700 a ma'aunin birnin, alhali daga 620 ake shelar jan gargaɗi, shingen Lamorde ya ɓalle, unguwannin Harobanda suka sha ruwa.

Sauran dalilan mun san su. A shekarun fari na 1973 da 1984 tabkuna da hanyoyin ruwa da yawa sun bushe, aka yanka su filaye, aka gina. Ruwa kuwa bai manta hanyarsa ba. Ƙaramin mai sana'a shi ya fi zama a irin waɗannan wurare, don nan haya ke da araha, ko kuma a gefen gudrun, inda aka ɗaga titi ya fi ƙofar shago tsawo. Ga kuma kanibo cike da leda da yashi. Tun 2014 aka yi dokar hana leda a ƙasar nan, amma duk wanda ya leƙa kanibon unguwarsu ya san inda maganar ta tsaya.

Kafin a taɓa komai

Abu biyu ke kashe mutum a wurin sana'a bayan ruwa ya ɗauke: kuran da bango. Idan ruwa ya kai wurin soket ko ya taɓa waya, kada a shiga da ƙafa cikin ruwan don a je a kashe kontar. In kontar na waje a busasshen wuri, a kashe ta da busasshen hannu. In tana ciki, a kira ma'aikatan NIGELEC, ko ƴan kwana-kwana a lamba 18. Masu amfani da hasken rana su tuna cewa fano na ci gaba da ba da wuta muddin akwai rana, batir ma na riƙe da nasa.

Bangon ƙasa kuma daga gindi yake mutuwa. Ruwa ya jiƙa tushe, sama na nan da kyaunta kamar ba abin da ya faru, sai bayan kwana biyu ko uku ya zauna gaba ɗaya. Alamunsa: tsagewa sabuwa, bango ya yi ciki, ƙofa ta ƙi rufuwa yadda ta saba, ƙasa na zubowa daga azara. In an ga ɗaya daga ciki, a fid da kaya da sauri in da hali, mutum ɗaya na tsaye a waje yana kallon bangon, kuma kada a bar yaron shago ya kwana ciki da sunan gadi. Wannan al'ada ta barin ɗan koyo ya kwana a shagon da ya jiƙa, wallahi mu daina ta.

Akwai haɗari na uku da masu walda da gas da masu gyaran jikin mota suka sani, amma maƙwabta ba su sani ba: karbir. Da zarar ruwa ya taɓa shi yana fid da iskar da ke kama wuta. In gwangwanin karbir ya jiƙa a rufaffen ɗaki, a buɗe ƙofa da taga, kada wanda ya kunna taba ko ashana, kada a ƙyasta komai.

Ruwan ambaliya kuma ya bi ta salga da bola kafin ya iso. A sa takalmin roba, a kula da kunama da maciji da ke fakewa cikin tarin kaya. Wanda tsohon kwano ko ƙusa ya yanka, ya wanke da sabulu ya tafi likita a duba maganar allurar tetanos. Mun ga kwalara a Madarunfa a 2018, mun kuma ga yadda ta bazu a Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2021. Daɓe da tebur da duk abin da hannu ke taɓawa a wanke su da ruwan jabel.

Inji: kada a tada shi don a gani ko yana aiki

A nan ne aka fi yin asarar da ba ruwa ya yi ta ba. Mutum ya ga injin niƙansa ko janaretonsa ya nutse, hankali ya tashi, ruwa na janyewa sai ya kama hannu ya juya don ya ji ko zai tashi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya shiga silinda aka tilasta wa fistan ya hau, sandar fistan ce ke lanƙwashewa ko ta karye, gyaran da zai tsaya a canjin mai ya koma sayen rabin inji.

Yadda makanikai ke yi shi ne: a zare ma'aunin mai a duba. In man ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. A juye shi duka. A cire buji in injin esansi ne, ko injekta in na gazuwal ne, sannan a juya da hannu a hankali har ruwan ya fita ta ramin. A juye tanki, a wanke karbirato, a sauya matatar iska da ta mai. A zuba sabon mai, a bar injin ya yi aiki kaɗan ba tare da an ɗora masa nauyi ba, a sake juye man a zuba wani. Mutane na jin ƙyashin man nan na biyu, amma yashin da ya rage a ciki shi ke cinye ƙarfe sannu a hankali. Kuma a yi wannan cikin kwana ɗaya ko biyu, don tsatsa ba ta jira a gama jaje. Haka abin yake ga babur ɗin ɗan kabu-kabu da injin ban ruwa na masu garka.

Dinamo, injin walda, injin markaɗe mai kuran, injin surfani, duk abin da ke da naɗin waya a ciki, shi ma ƙa'idar ɗaya ce: kada a jona. Abin da zai ba wasu mamaki, masu naɗin dinamo kan wanke irin wannan kaya da ruwa mai tsabta bayan sun buɗe shi, saboda laka na riƙe danshi, tana kuma jan wuta. Bayan wanki sai shanya ta kwanaki, a rana da iska, har cikin naɗin ya bushe, ba bayan gwangwanin kawai ba. Sannan a gwada shi da na'urar awo kafin a sa masa wuta, a kuma sauya boris in ya fara ƙara. Naɗin da ya jiƙa ya bushe yakan tashi; wanda aka jona yana jiƙe ya ƙone, sai sabon naɗi.

Salula da batir ɗin litiyam nasu daban ne. A cire batir in yana ciruwa, kada a sa caji. Batir ɗin da ya kumbura ko yake zafi shi kaɗai na iya kama wuta, a ajiye shi waje bisa yashi nesa da kaya. Maganar binne salula cikin shinkafa kuwa, ba ta fid da lakar da ke cikin allo. Mai gyara ne zai buɗe ya wanke da alkol.

Tela, kafinta, baduku

Keken ɗinki na ƙafa, irin su Butterfly da Singer da ke kowace kasuwa, yana da rai bakwai in aka kula da shi da wuri. A cire shi daga tebur, a goge laka, a wanke ƙoshiya da duk gaɓoɓin da ke motsi da kananzir, a bushe, a ɗiga man keke, a riƙa juya shi da hannu. Teburin ne ya fi mutuwa, musamman in na katakon da aka manna ne.

Yadi a raba shi launi-launi tun yana jiƙe, don atamfa mai zuba na rina farin da ke kusa da ita, kuma laka in ta bushe a jikin zare ba ta fita duka. A ɗauraye da ruwa mai tsabta, a shanya a inuwa. Shadda za ta rasa ƙyallinta, amma mabuga na iya dawo da wani abu daga ciki, saboda haka kada a yi saurin zubarwa ko sayarwa a wulaƙance.

Kafinta ya san cewa katako na gaske yana jure ruwa, rana ce ke ɓata shi: in aka baza jiƙaƙƙen katako a tsakar rana, sai ya murɗe ya tsage. A jera shi a inuwa, a sa ƴan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama. Falankin da aka manna da gam, da wanda aka matse daga garin katako, in sun kumbura sun tafi ke nan. Soson kujera da katifa da suka sha ruwan salga, gaskiya mu ba mu ga yadda za a sayar wa mutum su da amana ba. Dukawa da majema, irin na Damagaram da aka san su da aikin fata, su ma inuwa ce tasu, da shafa mai bayan fatar ta sha iska, in ba haka ba ta ƙandare ko ta yi furfura.

Akwai kayan da ba a ja da su. Simintin da ya jiƙa ya zama dutse. Takin zamani ya narke. Sandar walda da ɓawonta ya fara zuba ba ta ƙara riƙe ƙarfe yadda ya kamata, ƙofar da aka haɗa da ita za ta ba da kunya. Hatsi, gari ko gyaɗar da ruwan ambaliya ya rufe ba abinci ba ne kuma. Mata masu ƙuli-ƙuli da mai su kula da wannan ƙwarai: gyaɗar da ta yi danshi ta yi furfura na ɗauke da dafin da ke lalata hanta, suya kuma ba ta kashe shi.

Kayan mutane da ke hannunka

Wannan ita ce maganar da ta fi haddasa rigima, har ta kai ga raba zumunci. Tela na riƙe da yadin biki na mutum goma, mai gyaran rediyo da salula na riƙe da kayan jama'a, mai niƙa na da kwanukan hatsin unguwa. Ruwa ya ci. Wa zai biya?

A fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa, mai sana'ar da ke karɓar kayan jama'a ya tafi da su wurin aikinsa, asali shi ke da lamunin kayan in sun ɓace ko sun lalace. An yi haka ne don kare masu kaya, kada kowa ya ce "an sace" ya wuce. Amma lamunin na faɗuwa idan aka samu shaida cewa kayan sun halaka ba da sakacinsa ba. Dokar zamani da kotunanmu ke aiki da ita ma ta san abin da ya fi ƙarfin mutum, tana kuma tambayar ko mai aikin ya yi sakaci. Kun ga ke nan duka biyun sun haɗu a kan abu ɗaya: shaida. Shi ya sa muke cewa kafin a share laka, a ɗauki hoto da bidiyo, a nuna layin da ruwa ya bari a bango, a kira mai unguwa ko limami da maƙwabta biyu su gani da idonsu. Kada a zubar da kayan wani ko da ya lalace. A kira shi ya gani, a miƙa masa abinsa.

Sakaci kuma ana duba shi. Telan da ya kwashe kekensa ya bar yadin mutane a ƙasa, ko wanda aka yi ta biyowa wata biyu yana cewa "gobe", matsayinsa ba ɗaya ba ne da wanda ruwa ya cinye nasa da na mutane cikin dare. Galibi a zaure ake ƙarewa: wani ya yafe, wani a raba asara, wani a yi masa aiki kyauta nan gaba. Sarakunan gargajiya na da hurumin sasanci a irin wannan bisa doka, kuma in an sasanta a rubuta, kowa ya sa hannu.

Littafin bashi ma kaya ne, wani lokaci ya fi injin daraja. In ya jiƙa kada a yi ta buɗe shi da ƙarfi. A bar shi ya sha iska, a raba shafukan a hankali, a ɗauki hoton kowane shafi. Mai haya kuma ya zauna da mai shago tun kafin a sayi bulo ɗaya, a san wa zai gyara bango, kuma ko za a cire kuɗin daga haya.

Taimako, bashi da kuɗin ƴan uwa

Agajin da ke zuwa ta hannun gwamnati, da Kuruwa Ruj da sauran ƙungiyoyi, bisa magidanta ake raba shi, kuma yawanci hatsi ne, tabarmi, barguna, gidan sauro da bokiti. Da wuya ka ga an ba wani sabon dinamo. Duk da haka a je a yi rajista wurin mai unguwa da ma'aikatar magajin gari lokacin da masu ƙidaya ke zagayawa, a ce su rubuta shagon da abin da ke ciki, don wanda ba ya cikin takarda ba ya cikin rabo in wani tallafi ya zo daga baya. Masu katin ƙungiyar sana'a su sanar da shugabanninsu da ofishin CMANI, majalisar masu sana'ar hannu. Mai biyan patanti ya kai wa ma'aikatar haraji labari a rubuce cewa aiki ya tsaya. Ƴan kaɗan da ke da inshora su karanta takardarsu da kyau, don inshorar gobara ba lalle ta haɗa da ambaliya ba, kuma akwai wa'adin kwanaki na kai rahoto.

Wanda ke da bashin asusu ko na banki kada ya ɓuya. Ya je da hotunansa tun kafin ranar biya ya nemi a ɗaga masa. Adashe da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda a jihar Maraɗi aka fara su a 1991, da yawansu na da ƴar ajiyar taimakon gaggawa, kuma ana iya roƙon a sauya wa mutum layin ɗauka.

Ku kuma ƴan uwa da ke waje, mun san da kun ga bidiyo a WhatsApp hankalinku ke tashi, ku ruga Nita ko Amana ko Al Izza. Allah ya saka. Shawararmu ita ce a raba kuɗin gida biyu tun daga can, a faɗa a fili: wannan na cefane ne, wannan na inji ne. In aka aiko dunƙule ɗaya, tukunya ce ke cinyewa, ba don rashin amana ba, don yunwa ta fi kusa. Kuɗin farko da ya fi amfani ƙarami ne kuma na gaggawa: man inji, kananzir, ladan makaniki, cikin kwana biyun farko. Jika goma a ranar ta fi jika hamsin bayan wata guda, lokacin da tsatsa ta gama aikinta. Kafin ku ce a sayi sabo, ku bari mai gyara ya duba tsohon. Ku kuma tambayi labarin yaran shago, don ɗan koyo da abin da aka samu a yini yake ci, in an rufe wata guda sai ya kama hanyar Agadas ko Kano.

Kafin damina mai zuwa

Layin da ruwa ya bari a bango shi ne ma'auni. A sa masa alama da fenti kafin ya goge. Duk abin da ke da naɗin waya ko ke tsoron danshi ya hau sama da wannan layi, soket ma a ɗaga ta. Inji a gina masa dakali na siminti. Ƙofa a yi mata dokin ƙofa mai tsawo, a tanadi buhunan yashi tun watan Yuni, gindin bangon ƙasa a yi masa yaɓe a kuma gyara indararo ya zuba nesa da tushe. Daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Satumba a rage karɓar kayan mutane da za su kwana, wanda aka gama a kira mai shi ya ɗauka. Masu shaguna a layi ɗaya su haɗa kai su yashe kanibon gabansu, su kuma kwashe yashin daga baki, don in aka bar shi nan ruwan farko ke mai da shi ciki.

Sanarwar ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa muna karanta ta a wannan tasha duk lokacin da ta iso. Mutanen bakin kogi a Yamai, Tilaberi da Gaya kuma su riƙe cewa kogin Isa sau biyu yake cika: jan ruwa na damina, wanda ƙoramun Sirba, Dargol da Gorwal ke kawowa a Agusta da Satumba, sai kuma ruwan da ke tasowa daga Gini ya ratso Mali, wanda ke isowa cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da kowa ya riga ya sauko da kayansa ƙasa.